Ni da Jikokina a Gonar Kabewa

Kalmar nan kaka ma'ana biyu gare ta a bakin Bahaushe. Akwai kaka wanda ya haifi uwarka ko ubanka. Akwai kuma kaka, lokacin da damina ta wuce, an girbe gero, dawa ta sunkuyar da kai, ana ta ɗaurin dami ana kaiwa rumbu. Ni kaka ne irin na farko, gama jikokina goma sha ɗaya ne. Labarin da zan ba ku kuwa ya faru ne cikin kaka ta biyu, amma ba kakar ƙasarmu ba, ta ƙasar Amurka.

Mutanen can sun raba shekararsu kashi huɗu: lokacin da itatuwa ke tofo, da lokacin zafi, da lokacin zubar ganye, da lokacin sanyi mai tsanani. Na ukun nan, daga watan Satumba zuwa Nuwamba, shi ya yi daidai da kakarmu, don a cikinsa suke girbi. Yini yakan riƙa raguwa, dare yana ƙaruwa. Sai itatuwa su daina yin wannan abu kore da ke cikin ganye, wanda da shi suke haɗa abincinsu da hasken rana. In koren ya gushe, sai wasu launuka su bayyana, wani itace ya zama rawaya, wani ja wur kamar an yi masa lalle, kana ganyen ya zube gaba ɗaya.

Abin da ya kai ni can shi ne ɗana na fari, wanda ba zan faɗi sunansa ba, kun dai san al'ada. Yana aiki a birnin Shikago, cikin jihar Ilinoyi, a bakin wani tafki da ake kira Mishigan, wanda saboda faɗinsa in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka hango waccan. A can aka haifa masa 'ya'ya uku. Babbar mace ce, shekararta goma. Na biyu namiji ne mai shekara bakwai, sunana aka sa masa, don haka iyayensa Abba suke ce masa, ni kuwa Takwara. Sai auta, 'yar shekara huɗu.

Kun san yadda kaka da jika suke a wurinmu. Uba yana da kwarjini, ba a yi masa wargi, amma kaka abokin wasa ne. Jika ya ja masa gemu, ya ɓoye masa carbi, ya ce, "Tsoho, yaushe za mu ci gumbarka?" Jikokina na gida haka suke mini kullum. Waɗannan na Shikago kuwa, yara ne masu ladabi, amma Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. Da safe su zo su durƙusa su ce, "Ina kwana, Kaka?" In ce, "Lafiya lau." Shi ke nan, magana ta ƙare. Ran nan na ce wa babbar, "Amarya, ina tuwona? Ko kin fasa auren ne?" Sai ta zaro ido, ta ruga wurin uwarta tana tambaya da Turanci me tsohon nan yake nufi. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma da na kwanta da dare barci bai zo da wuri ba. Wata biyu aka ba ni in zauna, ga shi saura kwana ashirin. Mai shekaruna ba ya sa rai da hawa jirgin sama sau biyu zuwa wannan nisa. Na ce a raina, ashe zan koma gida yaran nan ba su san komai a kaina ba sai farin gemu?

Surukata ce ta lura da haka, ko da yake ba ta ce mini komai ba. Mijinta ta gaya wa, shi kuma ya zo ya ce, "Baba, ranar Asabar za mu kai yara gonar kabewa. Kai manomi ne, ya kamata ka gani."

Muka tashi da hantsi, cikin watan Oktoba. Sanyin ranar ya fi na tsakiyar hunturunmu, sai na sa rigar ulu biyu a ƙarƙashin babbar riga, na naɗa rawani. Da muka fita gari, ƙasa ta miƙe shimfiɗe kamar faifai, babu dutse babu tudu, gonakin masara da na waken soya iyakar ganinka. Na ga mota guda ɗaya tana yankan masara, tana ɓarewa, tana sussukewa, tana zuba tsabar cikin wata babbar mota da ke biye da ita, mutum biyu kurum ke wannan aiki. Bayan tafiyar kamar sa'a guda muka isa.

Abin mamaki na farko a bakin ƙofa yake. Sai da ɗana ya biya kuɗi kana aka bar mu muka shiga. A garinmu in ka shiga gonar mutum ka taya shi girbi, shi zai biya ka, ya kuma kawo maka fura. A nan kai za ka biya, ka ɗebo da hannunka, ka turo a baro, a auna, ka sake biya. Na ce lalle manomin nan ya iya lissafi. Amma da na duba taron da ke wurin sai na ga dalili. Galibinsu mutanen birni ne, 'ya'yansu ba su taɓa ganin abinci a inda yake fitowa ba sai a kanti. Kuɗin da suke biya na kallon gona ne, kamar yadda mu muke biya mu kalli zaki a gidan namun daji.

Aka ɗora mu a wani dogon amalanke da tarakta ke ja, muka zauna bisa damman busasshiyar ciyawa. Muka wuce rumfar da ake sayar da ruwan tuffa mai zafi da kirfa a ciki, muka wuce wata gonar masara da aka yanka wa hanyoyi masu ruɗarwa don yara su shiga su ɓata su nemi mafita. Sa'an nan muka ɓullo gonar kabewar kanta. Yara, ban taɓa ganin irinta ba. Mu a wurinmu kabewa 'yar bayan gida ce, a shuka biyu ko uku a gindin danga ko a bakin juji, ta hau rufin ɗaki ta kwanta. A nan fili ne guda, ya fi filin Idi na garinmu sau da yawa, ba komai a cikinsa sai ita. Raɓa mai daskarewa ta riga ta kashe ganyen, sai 'ya'yan kawai suka rage a kwance, dubbai, jajaye kamar manja, da 'yan farare da masu ruwan toka jefi-jefi.

Yara suka watsu da gudu. Takwara ya nufi wadda ta fi girma, ya kama mariƙinta zai ja. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba: "Kai, sake ta!" Ya tsaya cik. Na ƙarasa na tsuguna, na nuna masa da hannu yadda mariƙin zai karye, in ya karye kuwa ta nan ruɓa take shiga. Na juya ta, sai ga gefen da ya kwanta a ƙasa ya yi laushi, ya fara baƙi. Na ce, "Ta ruɓe." Ya dube ni, ya ce, "Ta ruɓe?" Na toshe hanci. Sai ya ƙyalƙyale da dariya.

Na kama hannunsa muka je ga wata. Na lanƙwasa ɗan yatsa na ƙwanƙwasa ta, na kara kunne. Na ce, "Ƙwanƙwasa." Harafin nan na farko ya ba shi wuya, sai da ya gwada sau biyar. Na nuna masa gwaji uku da mahaifina ya koya mini. Kabewar da ta nuna, in ka ƙwanƙwasa za ka ji ta amsa kamar ganga. In ka danna farce a bayanta ba zai shiga ba. Mariƙinta kuma ya bushe ya yi tauri kamar itace. Wadda ta kasa ɗaya cikin ukun nan ba za ta yi ajiya ba. Kafin a jima sai ga Takwara yana bin layi yana ƙwanƙwasawa, yana kira da ƙarfi, "Kaka, ta nuna! Kaka, ɗanya ce!" Auta tana biye da shi tana dukan kowace da tafin hannu. Har wasu Turawa suka tsaya kallo, suka shiga ƙwanƙwasa nasu su ma.

Ana cikin haka mai gonar ya zo wucewa, wani dattijo mai hannuwa da kanta irin nawa. Manomi ba ya ɓoyuwa ga manomi. Ya tsaya ya yi magana, ban ji ba, ɗana kuwa yana can nesa da baro. Sai na dubi babbar jikata na ce, "Zo ki yi mana tafinta." Ta zo tana noƙewa. Da 'yar Hausarta, da nuni da hannu, da taimakon uwarta in ta maƙale, muka yi hira mai tsawo.

Na tambaye shi yaushe yake shuka. Ya ce farkon Yuni, bayan ƙasa ta yi ɗumi, kabewa kuwa takan ɗauki kwana 90 zuwa 120 kafin ta nuna, gwargwadon irinta. Na tambaye shi yaya suke haihuwa da yawa haka. Ya ce aikin ƙudan zuma ne, har haya yake yi a kawo masa amya a ajiye a gefen gona. Wannan abu ku riƙe shi, don kuna iya gani da idonku a bayan gidanku. Kabewa fure iri biyu take yi a jikin yaɗo guda, namiji da mace. Macen za ka gane ta da ɗan ƙullutu a gindinta, shi ne zai zama kabewa. Furen da sassafe yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, ba ya kuma sake buɗewa. In a cikin 'yan sa'o'in nan ƙudan zuma bai ɗebo garin da ke cikin namijin ya kai wa macen ba, sai ƙullutun ya yanƙwane ya faɗi. Da yarinyar ta gama juya mini wannan, ta tambaye ni yadda ake ce wa wannan dogon jiki da ke bin ƙasa. Na ce, "Yaɗo." Na kuma gaya mata addu'ar da tsofaffi ke yi wa amarya, cewa Allah ya sa ta yi yaɗo kamar kabewa. Uwarta ta bayyana mata. Ta yi shiru, can ta ce, "Kaka, mu ne yaɗo?" Na ce, "Ku ne, har kun tsallake teku."

Ita kuma ta koya mini abin da aka koya musu a makaranta. Kabewa 'yar asalin nahiyar Amurka ce. A wani kogo da ke kudancin ƙasar Meksiko masu bincike sun tono 'ya'yanta da mutane suka noma shekaru kusan 10,000 da suka wuce. Mutanen da Turawa suka tarar a nahiyar sukan haɗa abu uku a gona ɗaya, suna kiransu 'yan'uwa mata uku: masara ta tsaya, wake ya hau ta, kabewa ta rufe ƙasa da ganye don kada ciyawa ta fito, kada kuma laima ta gudu. Na ce mata haka muke haɗa gero da dawa da wake. Bayan Kolumbas ya isa can cikin 1492, jiragen ruwa suka riƙa kwaso irin shuke-shuken nahiyar suna kaiwa ƙasashe. Ta haka masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir suka iso mu. Ku duba tukunyar miyar gidanku, ku ga baƙi nawa ne a cikinta.

A jikin rumfar awo an manna hoton wata kabewa da wani manomi daga jihar Minesota ya kai gasa a Kalifoniya cikin 2023. Nauyinta kilo 1,247, watau ta fi buhun masara goma sha biyu. Ban ga amfanin irin wannan ba, tun da ba don ci ake nomanta ba, amma kowa da abin da yake gasa da shi; mu ma muna da gasar kamun kifi a Argungu.

Muka sayi guda huɗu. Takwara ya ɗauki ƙatuwa. Ni kuwa na zaɓi ƙanana uku masu nauyi, don mai gonar ya ce manyan nan ruwa ne da zare a cikinsu, don ado ake shuka su, ƙananan su ne masu tsoka da zaƙi.

A hanyar komowa rigima ta tashi. Ku san cewa ran 31 ga Oktoba mutanen Amurka suna wani biki da ake kira Halowin. Sukan rarake kabewa, su huda mata ido da hanci da baki mai haƙora, su kunna kyandir a ciki, su ajiye a ƙofar gida. Al'adar daga ƙasar Ayalan ta zo. A can da wani tushe mai kama da gwaza suke yi, amma da yunwa ta 1845 zuwa 1852 ta koro da yawansu zuwa Amurka, sai suka ga kabewa ta fi girma, ta fi sauƙin rarakewa. In biki ya wuce, mafi yawa juji ake kai su. Wannan shi ne abin da bai kwanta mini ba, gama wanda ya taɓa ganin shekarar fari ba ya son ganin abin gona a kwandon shara. Ba wai ba sa cinta ba ne. A cikin jihar Ilinoyi, wadda ta fi kowace jiha noman kabewa, akwai garin Morton inda kamfanin Libby's yake dafa ta yana durawa a gwangwani, da ita kuma suke gasa wani abin zaƙi a Ranar Godiya, Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Amma ta ado daban, ta ci daban.

To, Takwara ya ce shi ma fuska zai yi wa tasa, kamar yadda 'yan ajinsu suke yi. Ubansa ya ce a'a, wannan biki ba namu ba ne. Yaro ya fashe da kuka, ya ce kullum shi ne ba ya yin abin da kowa ke yi. Ban sa baki tsakanin uba da ɗa ba. Amma na tausaya masa, don zama daban a cikin aji ba ƙaramin kaya ba ne a kan ɗan shekara bakwai.

Da muka isa gida na sa aka shimfiɗa jarida a ƙasa, na karɓi 'yar ƙaramar wuƙa da alƙalami. Na ce, "Takwara, kawo kabewarka." Na zana mata dagi, wannan ƙulli da kuke gani a jikin gine-ginen Kano da Zariya da kan manyan riguna. Na shiga kankare bayanta kaɗan-kaɗan, ba tare da na huda ba, yadda masu sassaƙar ƙwarya suke yi a kasuwa. Inda na kankare ya fito fari-fari, inda na bari ya zauna ja. Yaron ya share hawaye ya matso. Na ba shi cokali ya riƙa goge wuraren da na fara. Babbar ta zana layin haƙoran zomo kewaye da wuyan. Ran Litinin ya roƙi ubansa ya ɗauki hotonta, ya kai makaranta, ya komo yana cewa malamarsu ta sa ya tsaya gaban aji ya faɗi sunan zanen.

Ƙananan kuwa, surukata ta yi mana miyar taushe da ɗaya a daren Lahadi. Ba ta sami yakuwa ba sai ta matsa lemun tsami, ta sa alayyafo, ta zuba markaɗaɗɗiyar gyaɗa irin ta kwalba, da 'yar daddawar da na zo da ita. Ta tuƙa tuwon shinkafa. Muka zauna ƙasa, akushi ɗaya da yaran, auta ta yi dumu-dumu har goshi. Muna cikin ci sai babbar ta ja kwanon nama gabanta, ta dube ni ta ce, "Tsoho ba haƙori. Ni zan ci." Uwarta ta buɗe baki za ta tsawata mata, na ɗaga hannu na ce a ƙyale mini amaryata.

'Ya'yan kabewar muka wanke. Rabi aka gasa da gishiri, rabi na shanya a faranti kusa da taga har mako guda. Takwara ya so in tafi da su gida in shuka, amma doka ba ta yarda matafiyi ya ɗauki iri daga wata ƙasa zuwa wata ba sai da takardar ma'aikatan gona, don gudun kai cutar shuka. Saboda haka na ce shi zai shuka. Muka zuba su a ambulan, ya rubuta "irin kabewa" da hannunsa, na gwada masa zurfin rami da gaɓar yatsa biyu, ƙwaya uku a kowane rami, in sun tsiro a cire raunana a bar ɗaya.

Da Yuni ta kama ya shuka a ɗan filin bayan gidansu. Duk ranar Lahadi yakan kira ni ta waya mai hoto ya nuna mini, rabi Hausa rabi Turanci, ni kuma in nuna masa tawa da ke gindin danga. Cikin Agusta ya kira a firgice, ya ce yaɗon ya haura shinge ya shiga gidan maƙwabci, har ya yi ɗa a can. Na ce kada ya ja shi, zai karye. Ya sa rigarsa mai kyau, ya je ya gai da maƙwabcin, ya ba shi haƙuri, ya gaya masa wadda ta faɗo ta gefensa tasa ce. Ya je. Maƙwabcin ya ce ya gode, amma bai san yadda ake gane ta nuna ba, sai Takwara ya ce in Oktoba ta yi zai zo ya ƙwanƙwasa masa.